Ni Zan Kai Ta Gidan Maman Dogo

Ranar Laraba Malama ta shigo shagona da takarda a hannu. Tun daga yadda ta ce sannu da aiki na san ba ɗinki ta kawo ba. Malama ita ce shugabar ƙungiyarmu ta matan rosari, masu jan carbi, a coci. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye aiki, kuma har yau kallon 'yan aji biyu take yi wa kowa, Fada, limamin cocinmu, ma bai tsira ba. Na ɗage ƙafa daga keken ɗinki, na ture tarin yadi daga kan benci na ce ta zauna.

"Tela, ya ƙarfin jiki?" ta ce.

"Jikina kalau. Kuma Maman Auta nake."

Tun da aka kashe ɗana mutane suka daina kira na da sunansa, wai don kada su fama mini ciwo. Shi kaɗai ne namiji bayan mata uku. Shekara ashirin da huɗu ana ce mini Maman Auta, sai aka wayi gari duk unguwa ta mayar da ni Tela. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Bari in faɗa muku yadda muke yi a ƙungiya, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya kawo Malama ba. Muna da siffar Uwa Maryamu guda ɗaya, tsawonta da nauyinta kamar na jaririn wata biyu. Gida goma sha tara muke, kuma tana yin mako ɗaya a kowane gida. Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu matar da ta riƙe ta za ta ɗauke ta da hannunta ta kai gida na gaba a layi, sauran mata na biye. Ba a aikawa da ita, ba a ba wata ta miƙa. In an shiga, mai kaiwa za ta ajiye ta a teburi, ta durƙusa kafaɗa da kafaɗa da matar gida, ta tambaye ta, "Me za mu roƙa wa gidan nan?" Duk abin da matar gida ta faɗa, shi mai kaiwa za ta roƙa da bakinta, da ƙarfi, kowa yana ji, ta damƙa a hannun Uwa ta kai wa Ɗanta. Matar gida ce ke fara cewa Amin. Sai bayan nan a ja carbi.

Makon nan Uwa tana gidana. Gida na gaba a layi kuwa na Maman Dogo ne, uwar yaron da ya kashe mini ɗa.

Tun da abin ya faru ban karɓi Uwa ba. Zagaye uku tana isowa ƙofata ina cewa a wuce da ita, ba ni da abin da zan ce mata. Wannan karon ne na ce a kawo, ni kaina ban san dalili ba. Da aka tambaye ni me za a roƙa wa gidana, cewa na yi a roƙa mini haƙuri da mutane, don ya ƙare.

Malama ta warware takardar a kan cinyarta. Sunayenmu ne a jere da kyakkyawan rubutunta, sai layi ɗaya da aka soke da jan biro. Da rula ma aka ja shi, ya miƙe sarai.

"Kwamiti ya zauna," ta ce. "Ranar Lahadi sai ki wuce da ita gidan matar Katikis mai koyar da addini. Mun cire wancan gidan daga layi gaba ɗaya."

"Wane gida?"

"Haba, kin san wanda nake nufi."

"Ba shi da suna ne?"

Ta gyara zaman gilashinta. "Gidan Maman Dogo. Dama zagaye uku ke nan muna tsallake ta, yanzu ne dai muka sa a rubuce."

"Ita ta ce a tsallake ta?"

"Ba ta ce ba, amma ta gane. Saboda ke muka yi, 'yar'uwa. Ba za mu bari ki shiga wannan hali ba."

Saboda ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba na son ganin Maman Dogo. In na hango ta a titi tsallakawa nake yi. Sau da yawa na kwanta da fatan ta ɗanɗana abin da nake ɗanɗana. Amma da na ji cewa wata goma sha huɗu ana hana Uwa shiga ɗakin wata da sunana, ni ban sani ba, sai na dubi Malama cikin ido.

"Wa ya aike ku?" na ce.

"Ban gane ba."

"Na zo gidanki na yi kuka na ce a soke ta? Ko Uwa ce ta gaya miki ba ta son gidan?"

"Maman Auta, an riga an yanke magana."

"To ai Uwa a ɗakina take, ba a ɗakin kwamiti ba. Ki gaishe su."

Ta naɗe takardarta ta fita ba sallama. Ni kuma na koma kan keke na ɗinka hannun riga a baibai, sai da na farke shi na sake.

Tare Auta da Dogo suka tashi. Gidanmu da nasu layi biyu ne tsakani. Maman Dogo tana shara a asibiti, mijinta ya rasu tun yaron yana goye, kuma Yaya take ce mini. Fararen rigunan da suka sa ranar da suka fara karɓar Jibi Mai Tsarki daga yadi ɗaya na yanka su. Tare suka yi wa Fada hidima a bagadi, tare suka shiga koyon kanikanci a gareji ɗaya, tare suka gama. Ranar da abin ya faru musu ne ya haɗa su a garejin a kan wata tsohuwar mota, wa zai gyara ta. Motar da ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba. Akwai sifana, ƙarfen kwance noti, a hannun Dogo, ya ɗaga sau ɗaya. Auta ya kwana biyu a asibiti bai buɗe ido ba. Kotu ta ba Dogo shekara goma sha biyar a gidan yari. Uwarsa ta zo gaisuwa, 'yan'uwan maigidana suka mayar da ita daga ƙofar gida. Ina daga ciki ina jin muryarta tana cewa a bari ta ga Yaya, ban tashi ba.

Washegarin zuwan Malama da safe ina sharar falo. Uwa tana kan ƙaramin teburi tsakanin rediyo da hoton Auta, lulluɓe da shuɗin mayafin da na ɗinka mata shekarun baya. Hancinta ya ɗan ɓantare tun da ta taɓa faɗuwa a gidan wata, aka shafa masa fentin da bai dace da sauran fuskar ba. Ƙanin maigidana da ya koma wata coci kullum in ya gan ta sai ya ce muna bauta wa gunki. Nakan ce masa mu Allah muke bauta wa, ita roƙonta muke ta roƙa mana. In kana neman abu wurin mutum kana jin nauyinsa, ai uwarsa kake zuwa ka samu. Amma ran nan ban tsaya gabanta don roƙo ba. Da tsintsiya a hannu na tsaya.

"Ke ma fa ina da magana da ke," na ce mata. "Shekara arba'in ina jan carbi. Kwana biyu na yi a bakin gadon asibiti ina kiran sunanki har muryata ta dushe. Ina kika shiga? Naki kwana uku ya yi ya dawo miki. Nawa wata goma sha huɗu ke nan, ko a mafarki ba ya zuwa sosai."

Ta yi shiru yadda ta saba, hannuwa a buɗe. Na zauna a hannun kujera ina huci. Ina kallonta ne wani tunani ya zo mini, wanda ban nema ba kuma ban ji daɗinsa ba. Ɗanta kashe shi aka yi, kamar nawa. Wannan na daɗe da riƙe shi, shi ya sa nake ganin tawa ce. Amma kafin a kashe shi sai da aka gurfanar da shi gaban alƙali aka yanke masa hukunci, jama'a na nuna uwarsa da baki. Wannan kuwa ba ni ba ce, Maman Dogo ce. Kuma mutum biyu aka gicciye tare da shi, masu laifi na gaske. Su ma ai mata ne suka haife su. In iyayensu sun je wurin, to kusa da ita suka tsaya, kuma ban taɓa jin an ce ta matsa gefe ba.

"Kin ga irin halinki," na ce mata. "Ba ki da ɓangare."

Na ji haushinta ƙwarai. Na ƙarasa sharata na tafi shago.

Da rana na dawo na zuba wa maigida abinci. Shekara talatin da biyar ya yi yana direban babbar mota, yanzu ido ya hana shi tuƙi. Tun rasuwar Auta bai cika magana ba, daga kujerar falo sai bencin ƙofar gida.

"Na ji Malama ta je shago," ya ce.

"Ta je."

"To, an huta."

"Ni zan kai ta gidan Maman Dogo."

Ya ajiye cokali a hankali. "Sake faɗa."

"Ka ji ni, Baban Auta."

"Kin san abin da za ta ce a roƙa. Ɗa ɗaya gare ta. Da bakin da kika yi wa yarona addu'ar ƙarshe, da shi za ki roƙa wa wanda ya fasa masa kai?"

"Ban sani ba ko zan iya."

"To me zai kai ki?"

"Sun ɗauki mutuwar ɗana sun yi kwaɗo da ita sun kulle wa Uwa ƙofar wata. Ni ban ba kowa aron mutuwar ɗana ba."

Ya dubi hoton da ke kan teburi. "In kika je, kada ki dawo ki ba ni labari. Ba na son ji."

"Ba zan ba ka ba."

Ya tashi ya bar abincin ya koma bencinsa. Na ji tausayinsa har cikin raina, don na san shi ma nasa ciwon ne, kuma yana da gaskiyarsa. Amma ban janye ba.

Maganar da ya faɗa ce dai ta hana ni sukuni har ƙarshen mako. Ɗaukar siffa a kai wani gida ba wuya ba ne, kowa ma zai iya. Tambayar ce. In na durƙusa a ɗakin nan ta faɗi abin da ke ranta, bakina ya ƙi buɗuwa, to na wulaƙanta ta a gaban mutane fiye da jan biron Malama. Kuma ni da Uwa mun rabu ke nan, don ba zan sake iya kallon fuskarta ba. Na gwada a shago ni kaɗai, na tsayar da keke na buɗe baki in roƙa wa yaron nan ko da kalma ɗaya. Abin da ya fito ba addu'a ba ne, ba kuma zan maimaita muku shi ba.

Ranar Lahadi a Mas, sujadarmu ta coci, na zauna inda zan iya hango ƙofa. Maman Dogo tana bencin ƙarshe, a bakin ƙofa, da tazarar mutum biyu tsakaninta da ta kusa da ita duk da cocin ya cika. Ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta ya yi fari. Dama na ji an ce ba ta jiran a tashi, tana sulalewa tun kafin Fada ya sa albarka. Da na ga ta miƙe, ni ma na miƙe, na taka ƙafar mutum biyu na bi ta. A bakin famfon harabar coci na cim mata.

Da ta juyo ta gan ni sai ta ja da baya har ta bugi bango. Ta ɗaga hannu ɗaya ta kare fuska. Wato tsammani take mari na zo yi.

"Sauke hannunki," na ce. "Ƙarfe huɗu. Ki share teburi."

"Yaya…"

"Ban zo hira ba. Kina da kyandir?"

Ta gyaɗa kai.

"To."

Na juya na tarar da Fada yana sauko matakala, Malama na bayansa da jakarta a hammata. Ta riga ta kai ƙara ke nan. Fada mutumin kirki ne, shi ya shafa wa Auta man addu'a a asibiti, ya kuma binne shi. Ya ja ni gefe ƙarƙashin inuwa.

"Mama, ba dole ba ne," ya ce. "Ba wanda zai ga laifinki. Yafiya ba a yin ta da gaggawa, Allah ya san zuciyarki."

"Fada, wa ya ce maka yafiya zan kai? Ba ni da ita, da me zan kai? Uwa zan kai, layin matar ne."

"In kuma abin ya fi ƙarfinki a can fa?"

"Sai ya fi. Amma ka gaya mini, a cikin karatun da ka yi, akwai inda aka ce Uwa tana zaɓen gida?"

Ya dubi Malama, ya dube ni. "Babu," ya ce.

"To ka gaya wa kwamiti."

Bai gaya musu ba, na sani. Fada yana tsoron Malama fiye da yadda yake tsoron Bishop.

Ƙarfe huɗu saura mata suka fara taruwa a ƙofar gidana, kowacce da carbinta da farin ɗankwali. Mun kai goma sha biyar. Ba a yi surutun da aka saba ba, kowa ta ji labari. Maigida yana kan bencinsa, ya juya fuska wajen bango ya ƙara ƙarar rediyo. Na shiga falo na gyara wa Uwa mayafi, na ɗauke ta na rungume a ƙirji. Ban yi mata magana ba, ita ma ba ta yi mini ba.

Muka bi layinmu, muka wuce shagon mai aski da na mai cajin waya. Malama tana gaba tana jan waƙa, sauran na amsawa ƙasa ƙasa. A mararraba hanya ta rabu biyu: dama gidan matar Katikis, hagu gidan Maman Dogo. Malama ta karya dama ba ta ko waiwayo ba, da tunanin in ta yi gaba dole a bi ta, yadda yara ke bin ta zuwa aji. Ni na karya hagu.

Waƙar ta mutu. Na ji takun takalminta a bayana da sauri, ta sha gabana ta miƙo hannuwa biyu.

"Ba ni ita," ta ce. "In dole sai ta je, ni zan kai. Ke koma gida."

"Ba a ba wata ta miƙa. Ke kika rubuta dokar, da rula."

"Maman Auta, ki ji tsoron Allah. Me kike so ki nuna wa mutane? Za ki je ki faɗi a ɗakin nan, ko ki faɗi maganar da ba za ta gyaru ba."

"Mai yiwuwa. Matsa mini."

"Ƙungiya ba za ta bi ki ba."

"Ban ɗauko ƙungiya ba, Malama. Ga wadda na ɗauko."

Na raɓa ta gefenta na wuce. Ban waiwaya in ga wa ta biyo ni ba, don na san in na waiwaya zan fasa. Daga baya ne na ji takun mutum uku ko huɗu a bayana.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanyar ta gaban garejin take bi. Tun ran nan ban taka wurin ba, zagaye nake yi ko da zai ƙara mini tafiya. Lahadi ce, a rufe yake. Ga tsofaffin tayoyi a jibge, ga wata mota ba ƙafafu a kan bulo, ga ƙasar da baƙin mai ya rina. Na san daidai inda ya faɗi, an nuna mini. Na tsaya cak. Na tsani yaron nan a lokacin fiye da kowane lokaci, na tsani uwarsa, na tsani kaina da na fito. Da hannuna ba komai da na zauna a ƙasa a wurin. Amma ina rungume da abin da in na sake shi zai fashe, don haka na ƙanƙame ta na ci gaba da tafiya.

Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, nata ne na ƙarshe kusa da makewayi. Maƙwabta sun fito ƙofofinsu suna kallo, wata da kwano a hannu, wani da buroshi yana goge takalmi ya tsaya. Ta ɗage labule tun kafin in iso. Ɗaki ɗaya ne: gado, risho, bokiti biyu, kayan aikinta na asibiti a rataye a ƙusa. Ta jawo teburi tsakiyar ɗaki ta shimfiɗa masa farin zanen gado, ta kunna guntun kyandir a kan murfin kwalba. An wanke simintin ƙasa har bai gama bushewa ba.

Na ajiye Uwa. Na gyara ta ta fuskanci ƙofa. Matan da suka biyo ni suka tsaya daga bakin labule, ɗakin ba zai ɗauke mu duka ba. Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara. Maman Dogo ta durƙusa can nesa, kusa da ƙafar gado.

"Matso," na ce. "Kafaɗa da kafaɗa ake yi."

Ta matso. Tana warin sabulun asibiti. Na dubi fuskar Uwa, na yi tambayar.

"Me za mu roƙa wa gidan nan?"

Ta dubi kyandir. Sannan da murya ƙasa ƙasa ta ce, "A roƙa wa Auta. Allah ya ba shi hutawa."

Na ji wata daga bakin ƙofa ta sauke ajiyar zuciya. Hanya ce aka buɗe mini. Da na karɓa, da na yi addu'ar da nake yi kullum, kowa ya ce Amin, a tashi lafiya a ce Maman Auta ta yi ƙoƙari. Sai dai raina ya ɓaci. Ita ma ga ta tana lallaɓa ni kamar su Malama.

"A'a," na ce. "Auta yana da uwa, kuma tana yi masa. Gidan nan na tambaya. Ban ratso garejin nan don ki yi mini kara ba."

"Yaya, ba zan iya ba."

"Za ki iya. Ni ma ba iyawa na yi na zo ba. Faɗi abin da ke ranki."

Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa bakin teburi.

"Dogo tari yake yi," ta ce. "Wata uku ke nan. Ran Asabar da na je ba su bari na gan shi ba, sun ce an mayar da shi ɗakin marasa lafiya. Wanda ya fito daga can ya ce yana tofar da jini." Ta ja numfashi. "Kada ya mutu a can. Shi ke nan. Kada ya mutu a can."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na rufe. Abin da na ji a zuciyata da farko, Allah ya gafarta mini, daɗi ne. Ashe abin da na daɗe ina fata yana kan hanya, ba sai na ɗaga yatsa ba. In na yi shiru kawai, ya isa. Na dubi hannun matar da ke kusa da ni, ya ƙanƙame carbi har jijiyoyi sun fito. Na san wannan riƙon. Haka na riƙe nawa a bakin gadon asibiti, kuma na san abin da ke zuwa bayansa: kiran da ake yi wa mutum gefe, zanen da ake ja a rufe fuska, takalman da ake miƙo maka a leda.

"Uwa," na ce. Na yi gyaran murya na sake. "Uwa, kin san ba na son yaron nan. Kin san abin da nake roƙa masa a zuciyata wata goma sha huɗu, ba sai na faɗa a gaban mutane ba. Na janye shi. Ga Dogo nan. Ki gaya wa Ɗanki kada ya bari ya mutu a can. Ya warke. Ya ƙare shekarunsa ɗaya bayan ɗaya, ya fito da ƙafarsa ya tarar da uwarsa da rai. Ni ma ya tarar da ni, ya zo ƙofar shagona ya tsaya ya dube ni, ina da magana da shi. Ban yafe ba, kada ki kai saƙon da ban ba ki ba. Amma matar nan kada ta ga abin da na gani. Ko ita ba na so ta gani."

Na tsaya nan, don ba sauran numfashi. Matan da ke bakin ƙofa suka yi shiru suna jira, matar gida ce ke fara amsawa. Ita kuwa ta kifa fuska a kan zanen teburi, bayanta yana ta girgiza, sauti ya ƙi fita. Na jira. Na ƙara jira. Sannan na taɓa ta da gwiwar hannu.

"Ke," na ce. "Ki amsa. Ba zan iya faɗa sau biyu ba."

Ta ɗago kai ta ce Amin.